Mita a Igiyar Takalmi

Shekara ashirin da shida ina karanta mitar mutane,
daga Gyallesu zuwa Tukur-Tukur, gida-gida.
In leƙa zaure, in goge gilashi da babban yatsa,
in rubuta abin da suka sha na wuta.
Ba wanda ya taɓa yi mini tayin ruwa da zuciya ɗaya.

Yau ga ni da mita a igiyar takalmi,
'yar baƙa, da kaɗan ta fi dabino.
Cindo ɗan ƙanwata ne ya maƙala mini ita,
bayan likita a Shika ya dubi takardata ya ce,
"Malam Jatau, ko ka ɗauki ƙafa, ko a ɗauke ka."

Agogo a hannu, ita a ƙafa,
suna gulmata ina ji ina gani.
Ba ta tambayar nisan da na ci,
ba ruwanta da wanda ya wuce ni.
Ƙarfin da na zuba take aunawa,
kamar mai awon gero da ba ta san gyara ba.

Cindo ya ce, "Wat ɗari biyu da goma, kawu, kada ka haura."
Na yi dariya har da tari.
Ƙwan lantarki uku irin na da, da ɗan canji!
Ashe duk hakin nan, duk gumin nan,
ko dutsen guga ba zan ɗumama ba.

Bayan asuba, hanyar Wusasa.
A shimfiɗe, lambar tana zaune kamar baƙon kirki.
Sai hawan da ke duban Kufena:
gwiwa ta yi tsami, gudu ya koma lallaɓe,
wani mai kurar ruwa ya wuce ni yana fito.
Da agogo kaɗai ne, da ya ce ragon dattijo.
Ita ta ce ɗari biyu da sittin.
Saura kaɗan in tsaya in yi mata godiya.

A gangare ta tona ni.
Ina tafe kamar shirwa, riga na kaɗawa,
masu shan shayi suna "A gaishe ka, Baba!"
Ta ce ɗari da hamsin, ƙasa ce ke yi maka aikin.
Abin da nake faɗa wa masu gida ke nan
in sun rantse ba su kunna komai ba:
ni ban sani ba, ga abin da ta rubuta.

Daren Laraba na kwana kan bencin asibiti,
Asabe na tari a bayan labule.
Jumma'a na fita, ɗari biyu da goman nan dai
ya zame mini buhun siminti.
Cindo ya duba wayarsa ya ce komai daidai.
Ban yi musu ba. Na san halin mita.
Abin da ya fita take ƙirgawa,
ba ta san me ya rage a gidan ba.

Nan na tuna wata tsohuwa a Ƙofar Doka
da ta riƙe mini hannun riga:
"Ƙwai ɗaya gare ni, ɗana."
Na rubuta. Na wuce.

Shekaranjiya batir ya mutu a gadar Kubanni.
Na dubi agogo, fayau, ba lamba.
Ban tsaya ba.
Na saurari numfashi, na saurari dugadugai,
na yi wa kaina bil na ƙiyasi,
irin wanda ake zagin mu a kansa.

Na shigo gida, Asabe na bakin murhu, da sauƙi.
Ta ce, "Nawa yau?"
Na ce, "Ɗari biyu da goma."
Ta ce, "Ƙarya. Ai kun saba."
Ta miƙo mini moɗa cike da ruwa.